Notin Hagu

Da Baturen injiniyan da ya haƙa kanal ɗin Kadawa zai koma gida, sai ya bar wa direbansa Datti motarsa. Ja ce, mai kujera biyu, tayoyinta na waya kamar na keke, kowace da ƙaton noti guda a tsakiya da ake bugawa da guduma. Ta tsufa tare da Datti. A shekarar da wayar salula ta iso Bunkure, likitan ido a Kano ya ce masa jijiyar idon ce ke mutuwa, ganin da ya rage ba zai kai damina ba.

Buri ɗaya Datti ya dawo da shi: ya tuƙa ta da hannunsa a kan gaɓar kanal, daga Bunkure zuwa Kura, tun yana bambance ruwa da hanya.

Matarsa Tambaya ce ta hana. Ta san birkin, sau uku ake taka shi kafin ya amsa, kamar kurma.

"Malam, sai an sake birki. In ba haka ba, ka fara bi ta kaina."

Aka kira Hammadu, mai gyaran injin ban ruwa, wanda duk yankin ya yi ittifaƙin hannunsa na da albarka. Tambaya dai ta lura cewa mutanenmu in injin ya tashi sai su ce albarka, in ya ƙi su ce ƙaddara, bakanike bai taɓa laifi ba. Ya kawo birkin Fijo, ya dace da shi da ƙyar. Sannan ya zo kan hob, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya tsaya yana dariya.

"Baba, ashe Bature ma yana kuskure! Notin ɓangaren dama hagu yake ɗauruwa. Duk duniya noti dama yake bi."

Tambaya tana tankaɗe a gindin darbejiya ta ce, "Ɗan nan, wanda ya ƙera mota sukutum bai san dama da hagu ba? Bar shi yadda ka same shi."

"Inna, tuwo na taɓa koya miki?"

Datti ya yi dariya, shi da ya yi shekaru yana buga notin nan hagu bai taɓa tambayar dalili ba. Ita ma ba ta san dalilin ba, sai ta ci gaba da tankaɗenta. Hammadu ya kai ƙarafan Kano, aka yanka musu sabon zaren da noti ke bi, suka dawo suna bin dama kamar kowa.

Ranar gwaji Hammadu ne ya tuƙa, Tambaya ta tsaya a kan gada. Motar ta tafi sumul tsakanin gonakin tumatir, har ta fara jin kunyar gardamarta. Sai ta ga tayar dama ta gaba ta rabu da motar, ta yi gaba ita kaɗai, ta gangara kanal. Ashe juyin tayar ne ke ƙara ɗaure notin hagu. Da aka mai da shi dama, juyin ya kwance shi. Birkin kuwa ya kama, ba laifi. Motar ta durƙusa a kan hob ɗin, ya dare biyu.

An zaga kasuwar Ƙofar Ruwa, an aika Legas, babu irinsa. Hammadu ya ce ƙaddara.

Damina ta sauka. Motar na kan duwatsu a ƙofar gida, kaji na ƙarƙashinta. Da hantsi Tambaya kan ja hannun Datti ta zaunar da shi a ciki. Ya laluba sitiyari, ya taka birki.

"Tambaya, kin ji? Taku ɗaya yake kamawa yanzu."

"Na ji, Malam."