Ƙurajen Auta

Yaya na ninke zannuwan gado a shagonsu na wanki da guga sai ta ji ƙauri. Ta waiwaya, ta ga ƙanwarta Auta ta bar dutsen guga a kan rigar mutane, ta cusa hannu biyu ƙarƙashin tata rigar tana susar ciki kamar za ta yage fatar.

"Ke! Rigar mutane!"

Auta ta ɗauke dutsen, amma ɗaya hannun bai bar susar ba. Cikin fari ne da ita, wata takwas da 'yan kwanaki, ya yi girman da sai ta tsaya a karkace take kaiwa teburin.

"Tun yaushe kike wannan abin?"

"Kwana huɗu. Zafi ne kawai, Yaya."

"Zo ki ɗaga in gani."

Suka shiga bayan labule inda injin wanki ke ruri. Ƙuraje ne ruɗu-ruɗu sun bi layin nankarwa, wasu sun haɗe faci-faci kamar borin jini, har sun gangara cinya. Ko'ina sawun farce.

Shekara bakwai da suka wuce Yaya ma ta yi ƙaiƙayi a wata na takwas. Kowa ya ce mata ta yi haƙuri, haka ciki yake. Ta yi haƙurin mako uku. Ranar da ta je asibiti aka nemi bugun zuciyar ɗan aka rasa, daga baya likita ya ce hantarta ce ta sami matsala. Tun daga nan ba ta sake ɗaukar ciki ba.

"Yau ya motsa?"

Auta ta sauke rigarta. "Da sassafe dai… ina jin ya motsa."

"Kina ji ne, ko ya motsa?"

Yaya ta zare wayar dutsen daga bango, ta garƙame shagon da wanki a cikin inji, ta tare tasi.

A hanya suka faɗa cunkoso. Yaya ta ɗora tafinta a kan cikin ƙanwarta, tana jiran ko ɗan shuri ɗaya. Shiru. Auta ta fara kuka ƙasa-ƙasa, tana goga cinyoyinta da juna.

Bencinan masu awo a cike suke. Mai karɓar kati ta ce su bi layi, ko ɗago kai ba ta yi ba. Yaya, wadda ko mai kawo wanki ya zage ta ba ta iya ramawa, ta doki kantar da hannu.

"Ɗan bai motsa ba tun safe!"

Wata dattijuwar ungozoma ta leƙo, ta yafito su ciki. Ta kwantar da Auta, ta shafa mata wani mai mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar sauraro. Sai shuuu. Ta matsa hagu. Shuuu. Can aka ji wani bugu a hankali, Yaya ta miƙe zumbur.

"Zauna, baiwar Allah. Wannan na uwar ne."

Ta gangara ƙasa, ta danna. Yaya ta damƙe ƙarfen gadon har yatsunta suka sage. Ɗakin nan sak yake da wanda aka kwantar da ita shekara bakwai baya, har warin maganin.

Sai ga wani bugun, da sauri-sauri, tamkar keken ɗinki a hannun gwani.

"Ga mutumin," in ji ungozoma. "Barcinsa yake, ku kuna ta tayar da hankalin jama'a."

Likita ta shigo, ta duba ƙurajen da kyau. Ta tambayi Auta ko tafin hannu da na ƙafa suna mata ƙaiƙayi, ta ce a'a. Ta nuna zagayen cibiya, inda fatar take sumul.

"Kun ga ya tsallake nan? Irin wannan yakan kama masu cikin fari idan fata ta miƙe sosai. Akwai azaba, amma ba ya taɓa jariri."

"Ni ma ce min aka yi ba komai," in ji Yaya. "Na binne nawa."

Likita ta ajiye biro. "Naki da ƙuraje ya zo?"

"Babu ko ɗaya. Hannu da ƙafa ne kamar an zuba min garwashi."

"To ba iri ɗaya ba ne. Amma ba za ku tafi da zato ba, yanzu za a ɗebi jininta."

Awa uku suka yi a baranda. Mijin Auta, direban babbar mota, ya iso a guje da takalmi wari-wari, ya rasa wadda zai fara tambaya. Da aka kira su, Yaya ta tura su biyun, ita ta tsaya a waje. Ta zuba wa ƙofar ido har Auta ta fito tana ɗaga takarda, tana dariya tana hawaye. Hanta lafiya lau.

Aka ba ta man shafawa da ƙwayoyi, aka ce ta riƙa ɗora tsumma mai sanyi. Yaya ta yanke mata farce har ƙasa, ta kuma haramta mata teburin guga. Duk da haka Auta ta sha wuya, mako huɗu tana tsine wa fatarta.

Namiji ta haifa, ƙato. Kwana goma bayan nan ƙurajen suka bushe suka baje da kansu.