Shingen Maɗaci

Ɗanhausa kafinta ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa, ya kai shi bakin ƙofar shago inda haske ya fi yawa, amma abin da ke ciki bai canza ba. Wata doguwar mace ce a sama, ƙafa ɗaya miƙe a gaba, ɗayar lanƙwashe a gefe, tana ƙetare wani katako mai zanen fari da baƙi. Wanda ya yanko hoton daga jarida ya yi rowar takarda, ya datse shi daidai tsakiyar katakon, gindinsa bai fito ba.

"Malam, wagga mi ya koro ta?"

Malam Salihu, mai koyar da wasanni a firamaren Daudawa, ya yi dariya. "Babu abin da ya koro ta, Baba. Tsere ne. Ana jera irin wannan shingen guda takwas, 'yan mata su yi gudu suna tsallakewa."

"To ga hili ta gehe, don mi ba ta bi ta nan ba?"

Malam Salihu shi ma a majigi ya taɓa ganin wasan sau ɗaya, lokacin yana kwalejin horon malamai. Sai ya koma kan abin da ya kawo shi. Takarda ta zo daga ofishin ilimi cewa za a yi gasa a Faskari, waɗanda suka haye su tafi Ƙanƙara, kuma sabuwar kwalejin 'yan mata za ta ɗauki ta ɗaya da ta biyu a kowane wasa a gasar Ƙanƙara. Tabita, autar Ɗanhausa, tana aji bakwai. Ta zauna jarrabawar shiga kwaleji, sunanta bai fito ba, ta yi kwana biyu ba ta ci tuwo ba. A gudu kuwa babu yarinyar da ke ganin ƙurarta a makarantar.

"Masu gudun miƙe suna da yawa, Baba, amma wannan ba kowa ya iya ba. In ta zo ta ɗaya ko ta biyu, ta samu kwaleji. In ba haka ba, karatu ya tsaya nan."

Ɗanhausa ya sake duban hoton. Abu ɗaya ya sani a duniya, kuma duk Daudawa ta shaide shi a kai: abin da ya ƙera ba ya faɗuwa. Bencin majami'a da ya yi tun ba a haifi Tabita ba, har yau ko girgiza ba ya yi. A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo, gwamnati na buɗe makarantu kamar ana shuka su, 'yan kwangila na sauke kujerun da ba sa kai damina biyu, nasa ne kawai yara suka gaji suka bari. Don haka gindin da hoto bai nuna ba bai dame shi ba ko kaɗan. Ya san yadda ake yi wa abu gindi.

Ya zaɓi maɗaci busasshe. Ya yi wa kowane shinge ƙafa gaba da baya, ya ɗaure da tokara, ya buga ƙusa mai inci shida. Sai da ƙarti biyu suka riƙa ɗaukar guda ɗaya zuwa filin makaranta. Da aka jera su, ya hau kan na farko ya zauna, ya yi lilo da ƙafafu, ya ce ko bijimi ya zo sai dai ya haƙura.

Tabita ta fara koyo da yamma, bayan an tashi. Malam Salihu yana gefe da usur yana ƙirga mata: taku ɗaya, biyu, uku, ƙetare. Ƙafar gaba ta miƙe, ta baya ta biyo ta gefe kamar mai hawa jaki. Abin ya ba ta sha'awa ƙwarai, don ba ta taɓa sanin gudu yana da ƙidaya ba. Har a hanyar rijiya ƙirgawa take yi, tana ƙetare duk abin da ta tarar, ko turmi ne ko akuya a kwance.

Rana ta uku ƙwaurinta ya gamu da maɗaci. Shingen bai ko motsa ba, ita ce ta kifa, haɓarta ta daki ƙasa. Rana ta biyar gwiwa ce. Kafin mako biyu ƙafafunta sun cika da tabo, uwarta Dada na gasa mata da ruwan zafi tana mita. Daga nan Tabita ba ta sake taɓa shinge ba. In ta iso gabansa sai ta ɗan tauye gudu, ta tattara jiki, ta yi sama, ta bar tazarar taƙi guda tsakaninta da katako, ta dira da kyau. Mutane suka fara taruwa kallo. Ɗanhausa yana tsaye da fensir a kunne, daɗi ya cika shi, yana ganin 'yarsa da aikinsa duk babu mai aibu.

Ranar gasar Faskari ya rufe shago ya bi su a bayan akori-kura. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ga irin shingen da gwamnati ta sayo. Ya tarar an jera su a fili, siraran ƙarfe da ɗan falankin katako a sama, kuma ƙafafunsu ta gefe ɗaya kawai, ta wajen da masu gudu ke tahowa. Ya kewaya ɗaya. Ya sa babban yatsa ya tura. Shingen ya yi ɗan jinkiri, ya kife.

"A'aha! Wanga shi ne na gwamnati? Sun manta da rabin ƙahwa!"

Wani ma'aikaci mai farar hula ya zo ya ɗaga shi, ya ce Baba ya koma bayan igiya. Ya koma yana girgiza kai, yana tausaya wa ƙasar da ke da kuɗi ba ta da kafintoci.

Aka busa usur. Tabita ce ta fara isa shingen farko, ta yi sama yadda ta saba, har 'yan kallo suka yi shewa. Amma kafin ta dira, wata gajeriyar yarinya daga Sabuwa, Ramatu, ta riga ta wuce. Ita Ramatu ba ta tsalle, gudunta kawai take yi, shingen yana shigewa ta ƙarƙashinta kamar ba ya nan. Ta shafi na uku ya yi rawa. Ta doki na shida ya faɗi, ko waiwaye ba ta yi ba. Tabita takan kamo na gabanta a tsakani, ta sake rasa su a sama, sau takwas. Ta zo ta uku da ƙyar, kuma uku ake ɗauka zuwa Ƙanƙara.

"Ai waccan ta kada, Malam. Ba a hidda ta ba?"

"Na tambayi alƙalai, Baba. Sun ce ba laifi ba ne, in dai ba da gangan ba." Malam Salihu ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi. "Wallahi ni ma yau na sani."

Suka kamo hanyar gida a mota. Ta uku a Ƙanƙara ba ta da kwaleji, kowa ya san haka, kuma saura mako uku. Ɗanhausa kuwa yana zaune a kan shinge ɗaya na gwamnati, wanda ya sa Malam Salihu ya roƙo masa aro.

Kwana biyu ya yi yana nazarinsa a shago. Ya tura shi ta gaba, ya faɗi. Ya zagaya ya tura shi ta baya, ya ƙi, ya tokare kamar jaki a bakin rafi. Abin ya ɗaure masa kai. Ya ɗaura igiya a falankin sama, ya ratayo ta ta kan reshen dalbejiya, ya ɗaure ƙwarya a ɗaya bakin, ya riƙa zuba dawa da hannu yana kallo. Ƙwaryar ta kusa cika, shingen ya kife. Ya juye, ya sake, ya kife a daidai wurin. Sau biyar yana yi, ko tafin hannu guda bai bambanta ba.

Ya zauna a kan guntun katako ya daɗe. Ashe ba mantuwa ba ce. Wanda ya ƙera wannan abu ya san ta inda yake so ya faɗi, da irin bugun da zai kayar da shi, ya auna faɗuwar kamar yadda shi yake auna tsayuwa. Sai tabon ƙafafun Tabita ya faɗo masa a rai, da wannan ɗan tauye gudun da take yi a gaban kowane shinge, wanda shi yake gani kamar ƙwarewa. Tsoro ne, kuma shi ya ƙera mata shi da maɗaci da ƙusa mai inci shida. Ransa ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin da babu wanda za ka ɗora wa.

Washegari da safe mutanen da ke wucewa gona suka ga Ɗanhausa a filin makaranta da zarto, yana yanke ƙafafun aikinsa. Ya cire tokara, ya sassaƙe maɗacin ya siranta, ya sa falankin rimi marar nauyi a sama. Kowanne sai ya kai shi gindin dalbejiya ya gwada da ƙwaryar dawa. Rabo mai shayi ya leƙo ya ce ko tsufa ya fara taɓa Baba ne, yau ga aikin Ɗanhausa iska na kayarwa. Ɗanhausa ya ci gaba da yankansa.

Da yamma Tabita ta zo. Malam Salihu ya ce ta daina hawa sama, ta kwantar da ƙirji, ta bi ta kan falankin kamar za ta goge shi. Ta ce to. Ta taho da gudu, ta iso, ta tauye, ta yi sama. Kai ya ji magana, ƙafa ba ta ji ba. Haka aka yi kwana huɗu.

Rana ta biyar Ɗanhausa ya shiga filin da kansa, ya ɗora ƙwallon goruba a kan kowane shinge.

"Tabita, ba shinge za ki ƙetare ba. Gorubar nan nike so ki kaɗo mani da diddige."

"Baba, in na buge katakon fa?"

"Ki buge."

Ta kaɗo ta farko. Ta kuskure ta biyu. A na uku ƙafarta ta baya ta kama falankin, shingen ya kife da ƙara, ita kuwa tana tsaye a kan ƙafafunta, babu jini, babu zafi. Ta yi turus. Sai ta juyo da sauri, ta durƙusa, ta kama shingen da hannu biyu tana ɗagawa tana kaɗe masa ƙasa, idonta a kan ubanta. Tun tana rarrafe ta san ba a kayar da aikin Baba.

"Yi haƙuri, Baba, ban..."

"Aje shi!" Muryarsa ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba. Ya matso, ya karɓi shingen, ya sassauta. "Ɗiyata, don shi hwaɗi na yi shi. Ɗagawa aikina ne. Ke in ya hwaɗi, ki wuce, kada ki waiwaya. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Sai da ya faɗa mata haka ya fi sau ashirin a kwanakin da suka rage. Tana kayarwa, yana bin bayanta yana ɗagawa, fensir a kunne, gumi na zuba. Sannu a hankali ƙarar takunta ta canza, ta zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe, babu wannan ɗan shirun na gaban shinge.

Gasar Ƙanƙara ta faɗo ranar kasuwa, filin ya cika har kan katanga. 'Yan mata shida suka durƙusa a kan layi. A can ƙarshen fili, bayan zaren da aka miƙe, wata malamar kwaleji mai tabarau tana zaune a tebur da rajista a gabanta. Ɗanhausa ya samu wuri a bakin igiya, daidai shinge na biyar.

Aka busa. Tabita da Ramatu da wata doguwa 'yar Ƙanƙara suka fita tare, suka ƙetare na farko kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Na biyu, na uku, na huɗu. A na biyar, a gaban idonsa, gwiwar Tabita ta doki falankin, shingen ya kife. Ta ɗan yi tangaɗi, ta ci gaba.

Bai san lokacin da ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya ba. Ya isa, ya kama shingen, ya ɗaga, ya mayar da ƙafafunsa ta inda suka dace, ya daidaita shi da layin farar ƙasa. Yana cikin haka filin ya ɗauki ihu. Da ya ɗago an gama.

"Baba, fita daga fili! Muna da masu ɗagawa!" in ji ma'aikacin nan mai farar hula da ya kore shi a Faskari.

Malam Salihu ya taho a guje, hula a hannu.

"Malam, ta nawa? Ban gani ba."

Malam Salihu yana haki, ya ɗaga masa yatsu biyu.

Ɗanhausa ya duba can ƙarshen fili. Tabita da Ramatu suna tsaye a gaban tebur, kafaɗa da kafaɗa, malamar tana tambaya tana rubutawa. Bayan 'yarsa kawai yake hange, da kitson da Dada ta yi mata jiya, da tabon maɗaci a ƙafafunta. Daɗi ya kama shi. Ya tsaya dafe da shingen gwamnati, yana jira ta waiwayo.

Ma'aikacin ya sake yi masa magana, a hankali wannan karon, ya ce za a jera na maza.