Sunan da Inno Ba Ta Faɗa Ba

A ɗakin Maijidda maƙwabciyarmu muka taru bayan la'asar, don ita ce mai wutar sola a unguwarmu a Tsaskiya. Gidan talabijin na Tauraron Yamma ya cika shekara goma sha biyar, za a nuna tarihinsa, kuma Innarmu tana ciki.

Yaya Jafaru ne ya fara tashar. Shi ne ɗan farin Inno, ni ce auta. Bijiman Inno biyu ya kai kasuwar Batsari ya sayo kyamara, ya kama shago a Safana yana ɗaukar bukukuwa da wa'azi. Daga baya Alhaji Hashimu, mai fataucin hatsi, ya shigo harkar, suka sami lasisi suka koma Katsina. Da Yaya ya rasu, Alhaji ya ci gaba da riƙewa. Ba mu nemi komai ba. Inno cewa take a bar wa 'ya'yansa sunan ubansu, ya isa.

Makon da ya wuce wata 'yar jarida daga tashar, Yasmin, tashin birni, ta zo ta zaunar da Inno a gindin darbejiya. Ta tambaye ta sunan ɗanta da abin da ya yi wa tashar. Inno ta sunkuyar da kai. Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane, ko bayan ransa. Yasmin ta maimaita har sau uku, Inno ta ce ita ba ta san komai ba. Ina bayan zana ina ji, kunya ta hana ni fitowa.

Aka fara shirin. Alhaji ya fito cikin ofis, ya ce shi kaɗai ya kafa tashar, Jafaru ma'aikaci ne mai riƙe kyamara. Sai ga Inno, kanta a ƙasa, tana cewa ba ta san komai ba. Mai gabatarwa ya ƙara da cewa ko mahaifiyar mamacin ba ta tabbatar da abin da wasu ke faɗa ba.

Maijidda ta yi salati a hankali. Sadiqa, matar marigayin, ta tashi ta fita ba takalmi. Ni kuwa na juya ina kallon Inno.

A hanyar gida Inno ta tsaya.

"Bushira, nawa bakin ba zai iya ba. Naki fa?"

Da safe na ciro hoton Yaya yana tsaye ƙofar shagon Safana, sunansa da na tashar a rubuce bisa allo. Na hau babur zuwa Safana, na shiga motar Katsina, ni da ban taɓa zuwa ni kaɗai ba.

Da na isa tashar na yi wa Yasmin bayanin al'adarmu, ta dafe baki. Ta ce ba ta da tabbacin Alhaji zai bari a nuna, amma ita ta ɗauki kuskuren, ita za ta ɗauki gyaran. Ta kafa kyamara.

"Ƙanwata, ɗago kai kaɗan. Wa ya kafa tashar nan?"

Na ɗaga hoton.

"Jafaru Rabi'u Tsaskiya. Yayana ne, ɗan farin Inno."