Muryar Baba Ta Makara

"Ina mai shagon?" Sama'ila ya tambaya, bai ko kalli matar da ke zaune gaban kwamfuta ba.

"Ga ni," in ji matar, Bukola.

"Akanbi nake nufi."

"Baba ya bar aiki shekara uku ke nan. In bidiyo ka kawo, ajiye nan. In gaisuwa ce, gida na bayan masallaci."

Sama'ila ya taɓe baki. Shago na uku ke nan da ya shiga tun safe a unguwar Nasarawa, a birni. Na farko ya juya masa bidiyon, hoto ya fito ba murya. Na biyu ya ba shi murya, hoton kuwa ya koma kore kamar ganyen albasa. Duk a ganinsa 'yan cuwa-cuwa ne da suka sayi kwamfuta kafin su koyi kunna ta. Yanzu kuma ga mace, tana cin gyaɗa, tana yi masa Kabanci kamar a Argungu aka yanke mata cibiya.

Ya zaro memori daga bayan wayarsa ya ɗora a tebur.

"Aiki ne ƙarami. A waya yana yi lafiya lau, talabijin ce ba ta karɓa. Ki juya min shi yadda za ta karɓa, ki sa a filashin nan. Bayan la'asar nake son kunna shi a Gulma. Kada ki taɓa komai a ciki."

Bai ga dalilin gaya mata sauran ba. Wata huɗu da rasuwar mahaifinsa, Malam Muhammad Sani. Kafin ya kwanta ciwo, tsohon ya sa 'yarsa Nazifa ta bi shi gona da wayarta, ya zagaya yana nuni da sanda, yana faɗin wadda ya ba kowa tun yana raye. Gonaki biyu ne ake magana: ta tudu, mai yashi, wadda gero ma sai ya ga dama, da ta fadama a bakin ruwa, mai ba da shinkafa sau biyu a shekara. Nazifa ta ce fadamar ta Tamba ce, babban wansu. Tamba ma ya ce haka Baba ya gaya masa. Sama'ila kuwa ya kalli bidiyon ya fi sau hamsin, ya ga sandar Baba a kan fadama daidai lokacin da ya ambaci sunansa. A gaban mai gari ya kira su maƙaryata su biyun. Dattawa suka ce idanunsu ba sa ganin abin da ke cikin waya, a kawo a babban allo kowa ya gani.

Bukola ta sa memorin. "Fayil biyu nake gani. Ɗaya babba, ɗaya ƙarami."

"Ƙaramin. Babban ba ya da murya, banza ne. Shi ƙanwata ta turo min, ni na juya shi da kaina ya zama ƙaramin."

"Da me?"

"Da manhaja. A waya." Ya gyara hula. "Ni ma na san kan abin nan, ba ni da lokaci ne kawai."

"Haka ne," ta ce, ta jefa gyaɗa a baki. "Babban yana da murya. Wayarka ce ba ta iya karanta irin muryar. Kuma ba a juya abin da aka riga aka juya, lalacewa yake ƙara yi. Daga na asali zan fara."

"Na ce ƙaramin."

"Bari in ga ƙaramin naka."

Ta kunna. Ga Baba nan cikin tsohuwar rigarsa shuɗiya, ya ba kyamara baya, yana tafiya a kan kunya. Iska na bugun wayar. Sama'ila ya kau da kai, ya tsaya kallon fostocin da ke bango. Bukola ta ja bidiyon gaba, ta dawo baya, ta sake ja gaba. Ta daina taunar gyaɗa.

"Malam, sautinka ya makara."

"Bai makara ba."

"Zo ka gani."

Ta tsayar a minti na tara. Baba ya zo wucewa ta kusa da wata tsohuwar durom, ya ɗaga sanda ya buga mata. Sandar ta sauka shiru. Tsohon ya yi gaba, taku ɗaya, biyu, har biyar, sannan aka ji ƙwam.

"Daƙiƙa shida," in ji ta. "A farko lafiya suke tafiya tare. Wayar ƙanwarka ta yi zafi a rana, ta riƙa tsallake hotuna. Fayil na asali ya san inda aka tsallake, yana jira. Manhajarka ba ta sani ba, ta jera hotunan da ta samu kusa da kusa, hoto ya yi ta gudu ya bar murya a baya. Duk minti ratar na ƙaruwa."

"Wannan surutun masu shago ne. Ku dai ku samo matsala."

Ta buɗe babban fayil ɗin a gefe, ta kai shi wurin durom. Sanda ta sauka, ƙwam, lokaci guda. Ta bar shi yana tafiya.

Baba ya tsaya. Ya miƙa sanda hagu, wajen tudu, inda karan gero ke tsaye a bushe. Muryarsa ta fito a shaƙe saboda iska: "Wagga ta Sama'ila ta." Ya juya a hankali, yadda tsofaffi ke juyawa da jiki gaba ɗaya, ya miƙa sanda dama, wajen koren fadama. "Wagga kuwa ta Tamba ta, shi ka wahala da ita." Sannan ya sake juyawa hagu, ya ɗaga sanda yana nuna wa Nazifa hanyar gida.

Fanka na ta juyawa a sama. Wani mai kabu-kabu a waje yana zagin wani.

"Sake," Sama'ila ya ce.

Ta sake. Hagu, Sama'ila. Dama, Tamba.

"Kin taɓa shi."

"Ban juya komai ba tukuna. Yadda ya fito daga wayar ƙanwarka ke nan. A naka, sanda ta riga ta kai dama kafin sunanka ya iso. Da sunan wanka ya iso, tsoho ya riga ya juya zai tafi gida." Ta dube shi a karon farko da kyau. "Gona ce, ko?"

"Ba ruwanki."

"Gaskiya ne."

Ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba. Abin da ya fi ci masa rai Tamba ne. Tamba da ko sunansa ba ya iya rubutawa, wanda ƙafarsa ta tsattsage da laka har takalmi ba ya shiga, wanda in ya zo birni sai an riƙe masa hannu ya tsallaka titi. Shi za a bar wa fadamar da wani mai kamfanin casar shinkafa ya riga ya yi wa Sama'ila maganar haya a kanta? Ya shuka irin da kakansu ya shuka, ya ci, ya kwanta? Kuma a ce shi Sama'ila, da ya tsaya gaban mai gari da farin yadi yana ɗaga waya sama, ya koma ya ce kuskure ne?

Kwamfuta ta yi ƙara alamar ta gama juya babban fayil ɗin. Bukola ta zare filashin ta ajiye a gabansa.

"Ga shi. MP4 ne, kowace talabijin za ta karɓa. Murya da hoto daidai."

Bai ɗauka ba. Ya nuna kwalin filashi da ke rataye a bayanta. "Ba ni wani. Ki sa min ƙaramin, yadda yake. Shi na kawo ki juya."

"Da gurguntakarsa?"

"Yadda yake."

Ta yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa mai tallan magani a tasha. "Fayil ɗinka ne. Amma in an tambaya, kada ka ce a shagon Akanbi aka yi. Kuma duk mai ido zai gane."

"A Gulma?" Ya yi dariya ta hanci. "Mutanen da in an kunna talabijin suke amsa sallamar mai labarai?"

Ta juya masa ƙaramin. Ta miƙa masa filashi baƙi, ta tura masa na farko, ja, da ɗan yatsa. Ya sa baƙin a aljihun gaba, jan kuma ya jefa a aljihun wando, don dai nasa ne.

Motar Argungu ta cika da buhunan taki da mata masu robobi. Bayan Ambursa taya ta yi faci, suka tsaya a rana, direba na neman jak a wurin motocin da ke wucewa. Sama'ila ya tsaya nesa da sauran fasinjoji yana kaɗe rigarsa. Ya gaya wa kansa ba ƙarya zai yi ba. Muryar Baba ce, hoton Baba ne, bai ƙara ba bai rage ba. Wa ya san ma wanne ne daidai? Maganar mace ɗaya ce mai cin gyaɗa. Daga Argungu ya hau kabu-kabu, ya isa ana fitowa daga sallar la'asar.

An shimfiɗa tabarmi a zauren mai gari. An ɗora talabijin a kan turmi da aka kifa, an ja waya daga janareta a waje. Dattawa bakwai ne ko takwas. Tamba na zaune can gefe, ya wanke ƙafafu amma laka na nan a faratansa. Nazifa na bakin ƙofar ciki tare da matan gida. Kusa da allon, har hancinsa na neman taɓawa, Kawu Hodi ne, ƙanen mahaifinsu, wanda ido ɗaya ya rage masa.

"Ɗan birni ya iso," Hodi ya ce. "Mun ɗauka sinimar ta hana ka tahowa."

Sama'ila ya gaishe su a taƙaice. Ya soka baƙin filashin, ya ɗauki rimot. Talabijin ta karɓa nan take.

Da Baba ya bayyana, kowa ya zuba wa allo ido. Wani ya ce, "Allahu akbar, Allah shi jiƙan Mamman Sani." Aka amsa da amin. Tamba ya sunkuyar da kai. Sama'ila na tsaye, yana kallon lambobin da ke ƙasan allo. Minti bakwai. Takwas. Wurin durom ya zo, sai Sama'ila ya yi tari mai ƙarfi ya gyara tsayuwa, ƙwam ɗin ya wuce ba wanda ya tanka. Saura kaɗan.

A allon waya bai taɓa lura da kusurwar dama ta sama ba. A babban allo kuwa ga mutum can nesa a bakin ruwa, ya duƙa kan injin ban-ruwa. Tamba ne. Ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu, hayaƙi ya tashi, ruwa ya ɓarko daga bakin tiyo fari fat yana zuba cikin kwamin shuka. Ba ƙara ko kaɗan, sai iska da takun Baba.

"Kai, tsaya," in ji Hodi. "Tamba, wane irin inji na wanga naka? Ruwa na zuba shi ko bai tashi ba?"

Sai a lokacin injin ya tashi a cikin talabijin, tatatata, ruwa ya riga ya kai rabin kwami.

Zauren ya fashe da dariya.

"In akwai irinai birni a sawo min," wani tsoho ya ce yana share ido. "Wanga ko mai ba ya sha."

"Ba inji ba ne," in ji Hodi. Ya daina dariya. "Murya ta ka biyo baya. Tun ɗazu na ga Mamman ya bugi durom, sai da yac ci gaba munka ji ta. Na ɗauka kunnena ne."

A allo Baba ya miƙa sanda wajen fadama ya ce, "Wagga ta Sama'ila ta." Hodi ya ɗaga yatsa yana ƙirga wani abu a iska, ya juya yatsan baya, hagu. Tsofaffin suka kalli juna, sannan kowa ya sami wurin kallo a tabarma. Bidiyon ya ƙare, allo ya yi shuɗi.

Sama'ila ya jira zagi. Ya ma shirya amsa. Ba wanda ya zage shi. Mai gari ya gyara rawani, ya yi magana a hankali, da irin muryar da ake lallashin mara lafiya.

"Kayan birni ne, sukan ruɗe. Ba laihin kowa ba ne. Ko ba haka ba, Sama'ila?"

"Haka ne, ranka shi daɗe."

"To sai a maida shi ga mai gyara. Mu muna nan, ba inda za mu. Sati mai zuwa ma rana ta."

Wasu suka fara neman takalmansu. Tamba bai motsa ba. Ya ɗago kai, ba fushi a fuskarsa, kamar mai tambayar ko an ba awaki ruwa.

"Ƙanena, mai gyaran bai ba ka wani ba?"

Janareta na ta ruri a waje. Waɗanda suka miƙe suka tsaya da takalma a hannu. Sama'ila ya ajiye rimot a kan turmi, ya sa hannu a aljihun wando, inda jan filashin yake.

"Ku zauna," ya ce.