Wayar da Ƙanena Ya Warware

Ƙanena mai gyaran wuta ne. Shekara talatin yana ja wa kamfaninmu waya, ban taɓa jin ya tambayi kowa komai ba. Ni gadin sito nake yi, don haka a gabana aka yi.

A ofishin lodi akwai tsohuwar na'ura mai koren rubutu, an haɗa ta da uwar kwamfuta da ke ɗakin ƙasa da wata igiya mai kaurin wutsiyar saniya. Wata dattijuwa da muke kira Gwaggo ce ke buga takardun fitar kaya a kanta tun ina da baƙin gashi, kuma ba ta iya wata na'urar ba.

Da aka gyara ginin sai aka tumɓuke igiyar. Manaja ya ce in na'urar ba ta yi aiki da sabuwar siririyar waya ba kafin a fara lodi ƙarfe biyu, zai kawo ta zamani da mai buga ta. Ko kallon Gwaggo bai yi ba.

Injiniya, wata mata marar surutu, ta kawo wayar da 'yar mahaɗa kamar babban yatsa, wadda ke sa tsohuwar na'ura ta karɓi sabuwar waya. Ta bar wa ƙanena ya ja ta daga ƙasa zuwa sama. Ya feɗe bakin, ya ga silillai biyu-biyu a murɗe da juna, ya ja tsaki.

"Yaya, dubi aikin 'yan yanzu. Ko miƙe waya sun kasa."

"Ka tambaye ta mana," na ce.

"In tambayi wa? Ina jan waya tana rarrafe."

Ya feɗe kamu shida ta kowane baki, ya warware murɗin tas, ya goge silillan da gindin filaya, ya ɗaure su jikin wayar injin ɗaga kaya don su yi kyau.

Aka kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Injiniya ta bi wayar, ta daɗe tana kallo.

"Baba, murɗin nan shi ke kare saƙo daga hayaniyar wuta."

"Ba a rubuta a jiki ba," in ji shi.

Babu sauran waya, ga motar farko ta shigo. Gwaggo ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta ce a nuna mata yadda ake murɗin. Ita tana murɗa bakin sama, Injiniya na murɗa na ƙasa. Ƙanena ya tsaya a kan Gwaggo yana cewa ba ta matse ba.

"Matsa min daga haske, gwani," ta ce.

Biyu saura kaɗan koren rubutu ya fito. Gwaggo ta buga takardar motar farko da yatsu a kumbure. Manaja ya leƙo, ya ce to, a bar ta da na'urarta zuwa ƙarshen shekara a gani.

Ƙanena ya bi shi har bakin ƙofa yana goge goshi.

"Ranka ya daɗe, yau mun sha aiki."