Kwana Uku a Gwangwanin Orest

Mijina Orest ne ya kawo sharaɗin, ni kuma bakina ya ja mini na amsa. Tun da ya yi ritaya daga tuƙin motar share hanya yake naci mu sayar da gidanmu na Winnipeg, mu koma cikin tirelar kwana da ya sayo, irin wadda ake ja da mota, mu riƙa bin rana zuwa kudu. Gidan da na yi shekara talatin da ɗaya ina gogewa. Na ce masa gwangwanin nan ko kaza ba za ta kwana uku a ciki ba. Ya ce mu gwada, a tsakiyar Janairu, lokacin tsananin sanyi da ƙanƙara, a gonar abokinsa Klassen. In mun cika kwana uku, a sayar da gida. In mun gudo, ya bar maganar har abada.

Klassen ya share mana wuri a bayan rumbunsa, ya ce shi da matarsa za su gari wurin jikoki sai Litinin.

Da isarmu Orest ya bi duk wata kafa da iska ke shigowa ya toshe da tsofaffin safa da salatif, yana fito kamar wanda ya ci zaɓe. Ni kuwa na ɗora miyar gwoza, na sauke na ɗora shayi, na sauke na ɗora wani. Me zan yi in ba haka ba? Bututun ruwa a bushe suke don kada su fashe, banɗaki bokiti ne, in na miƙe ƙafa sai na taka shi. Kafin yamma tagogi sun soma zubar da ruwa ta ciki.

Da safe ya murɗa ƙofa, ta ƙi. Ya sa kafaɗa, ko gezau. Duk tururin da na tara, da ya rasa hanyar fita saboda safar maigida, ya taru a bakin ƙofa ya daskare, iska kuma ta jibga dusar ƙanƙara ta waje.

"Shayinki ne, Luba."

"Safarka ce, injiniya."

Waya babu sabis. Na ce ya ɓalle ƙofar, ya ce in ya ɓalle ta sanyi ne zai kashe mu kafin Litinin. Muka zauna gwiwa na gugar gwiwa, hita na kunna kanta tana kashewa, kowane kunnawa ina tunanin sauran gas. Rufin ya yi ƙasa, warin miya da jiƙaƙƙen bargo ya cika mini hanci. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Shi kuwa sai duba agogo yake, wai saura kwana biyu.

Da rana ta yi tsaka na haye gado na buɗe 'yar tagar gudun gobara. Orest da tumbinsa da ciwon ƙugunsa ba zai bi ta nan ba, ni ma da ƙyar na zurara, na faɗa cikin dusar ƙanƙara har ƙugu. Na ɗauko shebur da abin kankare gilashi a mota, na haƙe bakin ƙofa, na kankare rabin ƙanƙarar. Sai na tsaya.

"Tsoho, kana jina?"

"Ina ji. Ci gaba mana."

"Ba zan ƙarasa ba sai ka ce gidana ya zauna, ba za a sayar ba."

Na zaci zai yi dariya ko ya zage ni, don kuwa haka muka saba.

"Ya zauna," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. Can kuma ya ce, "Luba, sau biyu na faɗo daga matakalar benen gidanmu. Na biyun kina wurin 'yar'uwarki. Na yi awa uku a ƙasa kafin na iya tashi."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

"In faɗa miki ki sauko mini da gado falo, maƙwabta su riƙa leƙowa da kwanon miya? A nan taki huɗu ne daga gado zuwa ƙofa. Na ƙirga tun kafin in saya."

Kunya ta kama ni, haushinsa kuma ya fi kunyar. Wata shida ina faɗa da mutum a kan gida, ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa yake kwana a kujerar falo ba, na ɗauka talabijin ce ke ɗauke shi.

Na ƙarasa kankarewa, na ja ƙofa ta buɗe. Yana zaune a bakin gado da jakarsa a cinya, ya riga ya ɗaure takalmi, yana jiran in kai shi gidan da na ci.

Na shiga na jawo ƙofar, na bar 'yar kafa don tururi.

"Kwance takalmin nan," na ce. "Sai Litinin muka yi da Klassen."