Wuƙar Mutumin Madawa

Shekara goma sha tara Kure ya yi yana sayar da kilishi a Area One. Da za a tambaye shi abin da ya fi ci masa rai a duk shekarun nan, ba zai ce rusau ba, ba kuma zai ce cunkoson Nyanya da yake kutsawa safe da yamma ba. Sai dai ya saci kallon rumfar da ke hannunsa na dama.

Mai rumfar sunansa Zakariyya, mutumin Madawa ne ta ƙasar Nijar. Shekara takwas da suka wuce ya sauka Abuja da jaka ɗaya da wuƙaƙe biyu naɗe a tsumma, kuma Kuren ne da kansa ya ba shi gefen gadon shanyarsa ya baza nama, don ya ga baƙo ne mai ladabi. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da wani ne ya jawo shi layin, da ya samu wanda zai ɗora wa laifi.

Ba a yi shekara biyu ba Zakariyya ya kama tasa rumfar. Ya zo da wani irin kilishi da ake kira rumuzu, wanda ba a tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji, mai da kayan ƙamshi kawai ake shafa masa. Ga shi kuma yana jin Faransanci. Sai motoci masu lambar jakadanci suka fara tsayawa a layin, ma'aikatan hedikwatar ECOWAS, 'yan Nijar da Mali da Burkina da Togo. Su fito da kwat da taye, su wuce Kure kamar ba su ga mutum ba, su tsaya gaban Zakariyya ana yare ana dariya, a cika musu kwali su tafi da shi taro Lome ko Dakar. Akwai wani dogo ɗan Burkina mai suna Albert, da ba ya fashin zuwa kowace Juma'a. Shi kan ɗaga wa Kure hannu ya ce, “Sannu oga, yaya kasuwa?” amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗanɗana nasa ba.

Kure ya sha gaya wa matarsa Fadima cewa ba daɗin nama ke kai su can ba, yare ne kawai. Ita kuwa takan ce to ya koyi yaren mana. Daga nan sai ya ture kwanon tuwo ya fita ƙofar gida.

Ranar da rediyo ta ce Nijar da Mali da Burkina sun sanar za su fice daga ƙungiyar ECOWAS, Kure yana cikin motar haya, an maƙale a gangaren Kugbo. Fasinjoji suka kaure da gardama. Wani ya ce sojoji sun yi daidai, wani ya ce talaka ne zai ji a jikinsa. Kure kuwa ya ji wani sanyi ya ratsa masa ƙirji, irin wanda ya daɗe bai ji ba. A ransa ya riga ya ga rumfar dama a rufe, ya ga motocin nan sun dawo suna tsayawa a gabansa. Da ya isa layin har da zuwa ya yi wa Zakariyya jaje, ya ce Allah ya kyauta. Zakariyya ya amsa da amin, ya ce manya ne ke rikicinsu, shi da masu kilishin layin kuwa wuta ɗaya suke hurawa.

Shekara ta zagayo, ficewar ta tabbata, amma ba abin da Kure ya yi mafarki ba ne ya fara zuwa. Nama ne ya fara wuya. Shanun da ke gangarowa daga arewa suka ragu a kasuwar Dei-Dei, dillalai suna cewa takardun kan iyaka sun ƙaru, direbobi suna tsoron hanya. Gab da babbar salla kuma aka ji Nijar ta hana fitar da dabbobi. Cinyar saniya da Kure ya saba ɗauka ba tare da dogon ciniki ba, sai ga shi yana yini yana zagaye a kanta. Ya rage girman ƙunshi, kwastomomi suka yi ta mita.

Wannan wahala kowa ta shafa, har Zakariyya. Da a nan abin ya tsaya, da Kure ya jure. Amma wata Juma'a Albert ya zo fuska ba walwala, ya zauna a bencin Zakariyya ya fi awa guda. Da zai tafi ya tsaya wajen Kure, abin da bai taɓa yi ba, ya ce da Hausarsa ta tsince-tsince an ba su takardar sallama, su duka 'yan ƙasashen uku, ƙarshen watan tara za su tattara. 'Ya'yansa a nan aka haife su, in ji shi, ba su san kowa a Wagadugu ba.

Kure ya taya shi jimami da baki. A ciki kuwa cewa yake, to, yau ina masu yare?

Sai dai tun daga makon nan rumfar Zakariyya ta zama kamar gidan biki. Duk wanda zai koma gida yana son ya tafi da tsaraba, kuma ba ɗan ƙunshi ba, kwali-kwali. Wasu suka karɓi lambar wayarsa, suka ce in sun isa za su riƙa aikowa a sa musu a mota. Mata suka zo suka yi hoto da shi a gaban gadon shanya, wata har da ƙwalla. Kure yana zaune yana korar ƙuda, yana gani. Wato shi wannan mutumin ko masifa ce ta sauko, sai ta sauko masa da riba? A daina zuwa wurinsa ma sai an yi masa bankwana irin na ɗan sarki?

Ya samu Nababa, shugaban masu kilishin layin, bayan sallar azahar. Ya fara da nisa, ya yi maganar tsadar nama, ya yi maganar 'yan ƙasa da ke neman rumfa ba su samu ba. Sannan ya ce tunda 'yan Nijar da bakinsu sun ce ba sa yi da mu, kuma sun hana mu dabbobinsu, a kan me ɗansu zai riƙe rumfa mafi kyau a layi? Nababa ya saurare shi har ya gama, ya ce shi dai abin da ya ji, hukuma ta ce a ci gaba da zama da su yadda ake yi, ba a kori kowa ba. Ya ƙara da cewa kakarsa ta wajen uwa 'yar Maraɗi ce, in za a fara tankaɗe a layin nan, bai san wa zai rage a cikin rariya ba.

“Kure,” ya ce masa, “in ciniki ne ya yi maka nauyi, faɗa mini ciniki ne. Kada ka sa masa rigar ƙasa.”

Maganar ta zauna wa Kure a wuya kwana uku. A na huɗu ya je wajen wani maƙwabcinsa a Nyanya, wanda ke aikin masinja a wani ofishin hukuma. Ya ce masa akwai baƙi a layinsu da ke zaune ba takarda, kuma tunda ƙasarsu ta fita, ya kamata a duba. Masinjan ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Aka rubuta ƙorafi ba suna. Fadima ta ga shigarsu ɗaki da biro da takarda, ta tambaya, ya ce mata maganar ƙungiyar masu kilishi ce.

Bayan mako biyu, da hantsi, wata farar mota ta tsaya a bakin layin, jami'an shige da fice huɗu suka fito. Suka ce sun zo duba takardun baƙi. Kure ya duƙufa a kan labunsa yana juyawa kamar bai ji ba, amma kunnensa na dama a tsaye yake.

Zakariyya ya wanke hannu, ya jawo wata jakar fata daga ƙarƙashin tebur. Fasfo, katin zama, shaidar rumfa, har takardar gwajin lafiya, kowace a cikin ledarta. Babban cikinsu ya duba, ya mayar masa, ya ce da kowa haka yake da aikinsu ya yi sauƙi. Zakariyya ya yanko musu rumuzu suka ɗanɗana, ɗaya ma ya saya.

Daga nan suka ce tunda sun zo, bari su zagaya bayan rumfuna inda ake yanka.

Sai a lokacin Kure ya tuna da Isufu. Isufu dattijo ne mutumin Tawa, shi ke yanka wa Kure nama tun shekarar da babur ya kayar da shi a Mararaba, hannunsa na dama ya daina riƙe wuƙa da kyau. Kilishi kuwa yanka ne; in ba a buɗe tsoka ta zama fale-fale kamar mayafi ba, komai daɗin labu aikin banza ne. Shekara goma sha ɗaya suna tare, har Kure ya manta cewa Isufu daga wani wuri ya zo. Shi a wurinsa Isufu Isufu ne kawai. Ba shi da ko ƙyallen takarda. Da ƙafa ya ƙetaro yana saurayi, lokacin da ba mai tambaya.

Ba su kama shi ba. Sun rubuta sunansa da na wasu mayanka biyu, suka ce su je su yi takarda cikin wata guda, su kawo ofis a gani. Magana ce mai sauƙi, amma Isufu bai ji ta da sauƙi ba. Ya ce shi bai san ranar haihuwarsa ba balle ya rubuta ta, kuma ba zai tsaya a wulaƙanta shi da furfura ba. Nababa ya lallashe shi, Zakariyya ya ce zai raka shi ofishin jakadancinsu ya yi masa tafinta. Isufu ya ƙi. Ranar Lahadi ya naɗe tabarmarsa, ya zo ya yi wa Kure sallama, ya roƙe shi gafara in ya taɓa saɓa masa. Kure ya kasa haɗa ido da shi. Ya raka shi tashar Zuba, ya tsaya har motar Sakkwato ta tashi.

Ba wanda ya ce wa Kure komai a layin. Ya fi son a ce an zage shi. Nababa ya daina tsayawa hira a rumfarsa, iyaka gaisuwa. A gida Fadima ta ce ta haɗu da matar masinjan nan wajen famfo, sannan ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Kure ya gwada yanka da kansa. Naman ya fito da kauri a nan, huji a can, ya ƙi bushewa daidai. Ya ɗauko wani mayanki daga Karu, ya ɓata masa cinya guda a yini ɗaya. Ranaku suka yi ta wucewa gadon shanyarsa rabi a wofi.

Watan tara ya ƙare, masu tafiya suka tafi. Motocin jakadanci suka ragu ƙwarai, 'yan kaɗan da suka saura kuma ba su koma wajen Kure ba. Ashe ba wasu kwastomomi ne da za a gada ba, mutane ne, kuma sun bar gari. Waɗanda suka yi alkawarin aike ma biyu ne suka kira, su ma da suka ji abin da ake biya a kan iyaka kafin kwali ya wuce, ba su sake ba. Zakariyya ya koma yanka rabin abin da ya saba. Yakan gama aikinsa tun rana ba ta yi zafi ba, ya zauna da carbi.

Wata safiya Kure yana fama da tsoka, sai ya ga inuwa a kansa. Zakariyya ne, da wuƙarsa.

“Yaya Kure, matsa in taya ka. Ni yanzu aikin bai kai ya cika mini safiya ba.”

Kure ya ce a'a, ya gode, zai iya. Zakariyya ya zauna abinsa a kan turmin da Isufu ke zama, ya jawo tsokar gabansa.

“Kai ka ba ni wurin shanya ranar da ban san kowa ba a garin nan,” ya ce, bai ɗago ba. “Abin da ya biyo baya kuma, ni ban ajiye shi ba.”

Kure ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Wato ya sani. Ya so ya musa, ya so ya tambaye shi me yake nufi, amma idonsa ya koma kan aikin. Ya tsaya yana kallon wuƙar tana shiga cikin naman a kwance, tana buɗe shi a hankali, tsoka guda tana ta miƙewa har ta kai tsawon hannu ba ta yage ba. Ko Isufu bai kai nan ba. Shekara da shekaru yana faɗa wa kansa yare ne ke kawo wa mutumin ciniki, kuma a cikin shekarun nan bai taɓa zagayawa ya ga yadda mutumin ke yanka ba.

Haka suka ci gaba kullum safe. Zakariyya ya ƙi karɓar lada, sai dai in Kure ya sayo shayi su sha tare. Kilishin Kure ya gyaru, har wata ma'aikaciyar banki da ta daɗe tana saye wurinsa ta ce wannan karon ya yi daɗin da bai taɓa yi ba, ta tambaye shi ko ya canza hannu ne. Zakariyya yana jin su daga rumfarsa, ya sunkuyar da kai yana gyara garwashi.

Kure ya ce mata nama ne aka dace da mai kyau. Ya ƙunsa mata, ya miƙa, ya bi ta da ido har ta shiga mota. Sannan ya koma ya zauna, ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa yana murza shi da na hagu, ga kuma naman gobe da za a kawo da la'asar, wanda shi ma sai wuƙar Zakariyya ce za ta buɗe shi.